Goggo Gumsu da Zannuwan Sauro

Goggo Gumsu yayar mahaifina ce. Kakanninmu daga wajen Tafkin Chadi suka taso, suka zauna a wani ƙauye bayan Kirikasamma, inda ruwan kogin Haɗeja kan malalo da damina ya mamaye fadama. Ruwan nan shi ke ba mu shinkafa da kifi, shi ne kuma ke ba mu sauro. Goggo ta haifi 'ya'ya uku, zazzaɓi mai jijjiga ya ɗauke biyu tun ba su yi wayo ba, aka bar mata Umara. Duk damina idonta na kansa.

Bayan an gama yaƙin basasa, wasu ma'aikatan lafiya suka zo ƙauyen da mota. Shugabansu Malam Dauda ne, mutumin Filato, mai yawan dariya. Ya gaya wa mai gari za su riƙa duba jinin yara, su ba da magani ga duk wanda aka samu da cutar, amma su ma suna son abu ɗaya: sauron ɗakunanmu. Da sassafe za a shimfiɗa farin zane a ƙasan ɗaki da kan gado, a rufe ƙofa, a fesa filit, a ɗan jira, sannan a tsince sauron da ya faɗo. Da yake maza ba sa shiga ɗakunan matan aure, sai aka nemi mace. Goggo ce ta miƙe.

Ta sha ba ni labarin ranar da ta tambaye shi amfanin gawar sauro.

"Malam Dauda, miya za ku yi da su?"

"Ya Gumsu, ƙirga su za mu yi, mu duba wanne ya sha jini, wanne ke ɗauke da cuta. Lissafin sai a aika can ƙasar waje, a zuba wa wata na'ura da ake ce wa kwamfuta. Ita kuma ta gina gari irin naku a cikinta, da mutanensa da sauronsa, duk na lissafi. Ta saukar musu da damina, ta ga wa ya kwanta. Sai a ce mata, to in aka yi feshi fa? In aka raba magani fa? Ta sake saukar da daminar."

"Wato mutanen ƙarya take kwantarwa don na gaske su tashi?"

"Kin gama karatun."

Aikin ya fara lafiya. Goggo na yawo gida-gida da ƙunshin alawayyo a ka, da hantsaki da ɗan gwangwani a hannu. Sai wata safiya aka shimfiɗa zanen a ɗakin wani dattijo da ya daɗe yana jinya, mijin Iya 'Yar'azumi. Aka fitar da shi inuwa, aka yi feshi, aka mayar da shi. Kafin mako ya zagayo, Allah ya yi masa rasuwa. Da aka zo suturta shi, alawayyon da aka yanka masa likkafani iri ɗaya ne sak da na hannun Goggo.

Ba wanda ya fito fili ya ce ita ce. Amma Iya 'Yar'azumi ta faɗa a wajen zaman makoki cewa an shimfiɗa wa mijinta likkafani tun yana numfashi, maganar kuwa ta zaga gari. Goggo ta yi sallama a ce mai ɗakin na barci. Mata suka daina zama kusa da ita a bakin rijiya. Har a gidanmu, innata ta ce mata, "Yaya, ki yi haƙuri, ki ajiye ƙunshin nan a zaure."

Malam Dauda bai ga laifin kowa ba. Ya ce ko a garinsu haka za a yi. Amma ya gaya mata gaskiya: in ɗakuna suka ci gaba da zama a rufe har ruwa ya sauka, za a mayar da aikin wani ƙauye, masu duba jinin yara da maganinsu su bi shi. Baƙin zane kuma ba zai yiwu ba, don ba a ganin sauro a kansa. Goggo ta ce tana jin haka, Umara kawai ta hango kwance cikin damina.

A lokacin ana shirin bikin wata 'yar maƙwabta, mata kan taru da la'asar a tsakar gida suna yi wa amarya zannuwan gado. Goggo ta ɗauki alawayyo ɗaya da jan zare da kore, ta je ta zauna a gefe. Ta zura allura ta fara fidda fulawa a bakin zanen. Ita kuwa Goggo, Allah ya ba ta ƙarfin hali, amma bai ba ta hannun ɗinki ba.

Uwar amarya ce ta kasa daurewa. "Ya Gumsu, wannan fure ne ko kwaɗo mota ta taka?"

"Kwaɗo ne. Na fadamarku."

"Miƙo nan, kada ki ɓata zare."

"Ba kya tsoro?"

"Tsoron me? Kin taɓa ganin likkafani da fulawa?"

Aka kwashe da dariya, ita ma mai maganar sai da ta kama baki. Goggo ba ta bari dariyar ta huce ba. Ta ce kowane gida ya karɓi nasa zanen, ya yi masa adon da ya ga dama, ya ajiye a ɗakinsa, ba za a ƙara shigo wa kowa da na gidan wani ba. Da ta kai wa Malam Dauda maganar, ya sosa kai, ya ce kayan gwamnati ne, amma ya ɗauki nauyin amsa tambaya. Roƙonsa ɗaya: a bar masa tsakiyar fari fat.

Daga nan abin ya zama gasa. Wata ta yi kifi jere da kifi, wata ta yi dabino, matar mai gari ta sa aka sayo mata zare mai ƙyalli daga kasuwar Haɗeja. In Goggo ta makara, har aike ake yi a ce sauro na jira.

Saura ɗakin Iya 'Yar'azumi, wanda ke bakin fadama, inda sauro ya fi yawa, kuma dangin mijinta sun ce ba za su buɗe nasu ba sai ta buɗe. Goggo ba ta kai mata zane ba. Ta riƙa zuwa gaisuwa kawai, ta ɗebo mata ruwa, ta tafi. Bayan Iya ta fita takaba, wata rana ta dube ta ta ce, "Ke Gumsu, kowa an ba shi, ni ce ba ni da hannu?"

"Iya, kunyarki nake ji."

"Kwanansa ne ya ƙare, na sani. Bakin mai kuka ne ya faɗi abin da ya faɗa. Kawo, da baƙin zare. Ja na yara ne."

Aikin bai bar ƙauyenmu ba. Damina bayan damina ana duba jinin yara, har Umara ya wuce shekarun da ake tsoro, yanzu shi ke noma mata shinkafa. Goggo ba ta taɓa ganin kwamfuta ba, ba ta kuma san abin da na'urar ta yanke a kan garinmu na lissafi ba. Da na shiga sakandare na tambaye ta ko hakan na damunta, sai ta ce, "Ita ma ai ba ta taɓa ganina ba, amma ko sauro ɗaya ban taɓa rage mata ba."