Hudar Madubin Ido

Ƙii, ƙii, kamar gyare ya faɗa tulu. Ƙarar da na wuni ina ji ke nan a rumfar Kawu, ga warin kananzir da kafur.

Hutu na zo Jibiya daga makarantar 'yan mata, tabarauna ya faɗi, ƙarfen da ke riƙe da gilashin dama ya karye. In babu shi, rubutun allo gajimare ne a idona. Baba ya ba wani falke saƙo ya sayo mini madubi a Maraɗi. Mu na ido muke nufi. Shi kuwa ya dawo da na duba fuska, mai zanen furanni, har yana tambaya yaushe ne bikin. Gida aka yi ta dariya, ban da ni, don kwana biyu ya rage motar Katsina ta mayar da ni makaranta.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ke yanka gilashin taga da na fitila a bakin kasuwa. Da yammar nan na kai masa, ya juya tabarau, ya ce sai dai a huda gefen gilashin a ɗaure da waya, in kuma ya tsage shi ke nan.

Washegari da safe ya kewaye wurin da zai huda da yumɓu kamar ƙaramar rijiya, ya ɗiga kananzir, ya kafa tsinin tsohon magagari yana murzawa tsakanin tafukansa. Ba ya dannawa. Na zauna, na tashi, na leƙa jakunan da ke ƙetarawa da gero, waɗanda nake gani kamar inuwa mai tafiya, na dawo na tsaya a kansa.

"Malama, ƙafarki na girgiza mini tebur," in ji shi. "Ko ki zauna, ko ki tai ki duba fuskarki a madubin amare."

Na zauna a kan hannuwana. Da ya kai rabi ya kifa gilashin ya faro daga baya. Wajen la'asar tsinin ya ɓulla, ba ko ƙara. Ya ɗaura waya ya ɗora mini a hanci, na ga ganyen darbejiyar bakin rumfa ya rabu ɗai-ɗai.

Sai bayan rasuwarsa matarsa ta faɗa mini bai taɓa huda madubin ido ba. Da asubar ranar ya gwada hannunsa a kan nasa na karatun Alƙur'ani, gilashi ɗaya ya tsage. Da ido guda ya ci gaba da tilawa har shekaru.