Depite Ɗaya Ya Ishe Mu

Akwai wata Laraba cikin watan Oktoba da har gobe ba ta fita a raina ba, ranar da na fara zarya tsakanin unguwannin Bronx da Harlem kamar mai neman ungozoma. Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan ku buɗe kunne, don sai kun haɗu da irinta.

Lokacin ni ke riƙe da teburin makarantun horar da hafsoshin soja a ofishin mazaɓa na ɗan majalisar wakilanmu. Ga wanda bai san tsarin ba, yawancin makarantun nan ba sa ɗaukar yaro, ko ya fi kowa maki, sai wani mai iko ya tsayar da sunansa. Nomineshan muke ce masa. Ɗan majalisar mazaɓarka zai iya tsayar da kai, sanatocin jiharka biyu ma haka, har da mataimakin shugaban ƙasa. Gurbin kowannensu kaɗan ne, masu nema kuwa tuli. Tsayarwar ba ita ce samun shiga ba, damar shiga takara kawai take ba ka. Shi ya sa muke gaya wa kowane yaro ya nema a duk inda ya cancanta, kada ya tsaya wuri guda.

A shekarar akwai wata yarinya, Balkisa, haifaffiyar Bronx, tana neman makarantar sojan ruwa. Maki lafiya lau, gudu kuwa ba a magana. Sai dai masu neman ta ruwa sun yi mana yawa, kuma ba ni ke zaɓe ba, kwamitin tsofaffin hafsoshi ne ke yi musu intabiyu ya jera su. Na kira ta in tuna mata ranar intabiyu, sai na ce, “Na sanatoci fa, kin tura?” Ofishin ɗayansu ya riga ya rufe karɓa, na biyun ranar Juma'a zai rufe.

Ina mata Hausa tana mayar min da Turanci, yadda 'ya'yanmu suka saba. Ta ce ta cike komai, amma Baba ya hana ta turawa.

“Ya hana? Shi da ya kawo ki ofishin nan da ƙafarsa?”

“Ya ce depite ɗaya ya ishe mu.”

Depite, haka mutanen Nijar ke kiran ɗan majalisa. Da wata ce da tuni ta danna ta tura, uban bai ma sani ba. Balkisa ba za ta yi haka ba, na san halinta. Na zari rigar sanyina na faɗa jirgin ƙasa.

Mahaifinta, Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi ne, yana da shagon shadda da turare a titi na 116 a Harlem. Ni ina ta zumuɗi, shi kuwa sai da ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya zuba min shayi, sannan ya bari na yi magana. Da na gama ya ce, “Malam Sani, ranar Idi depite ya zo gaishe mu. Na kai masa maganar yarinyar nan a gaban jama'a, ya riƙe hannuna ya ce mu zo ofis. Yanzu kuma ya ji na zaga ƙofar wani? Na nuna ban yarda da shi ba ke nan. Ni ba haka aka raine ni ba.”

Na ce, “Alhaji, nan ba haka ake yi ba. Kowa yana nema a ko'ina, shi kansa ba zai ma sani ba.”

“In shi bai sani ba, ni ai na sani.”

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce, “Haba Alhaji! Wallahi kara za ta sa ka rufe wa yarinyar nan hanya.”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai da kake cin abinci a ƙarƙashinsa, kai ne za ka ce in tsallake ubangidanka? Sha shayinka.”

Ashe a idonsa ni ne ma mai cin amana. Na fito fuu, ko shayin ban ƙarasa ba.

A jirgi na yi ta juya maganar har na gane inda na kuskure hanya. Hujja ba za ta motsa Alhaji ba. Wanda ya kama ƙafa da shi ne kaɗai zai iya sallamarsa. Na shiga wurin shugabar ofishinmu na ce ina son maigida, wato ɗan majalisar, ya kira wani mai shago a Harlem. Ta ce yana Washington suna zaman majalisa, kuma doka ba ta yarda ya yi wa kowa alkawarin gurbi ba. Na ce, “Ba alkawari zai yi ba, cewa zai yi su je wurin sanata.” Ta ce ita ba ta taɓa jin mutumin da sai an ba shi izinin neman haƙƙinsa ba, amma za ta gwada.

Alhamis ta zo ta wuce shiru. Na zauna, na tashi, na leƙa ofishinta har ta ce in na ƙara leƙowa za ta kulle ƙofa. Abincin rana ma a leda na mayar da shi gida.

Sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ce zai kira, amma a tsaye, tsakanin zama da zama. Na sake faɗawa jirgi, na ce wa Balkisa ta same ni a shago. Da wayar ta yi ƙara, Alhaji ya miƙe tsaye, ya gyara hularsa kamar mutumin yana ganinsa. Maigida ya ce yana son Balkisa ta nema a wurin sanata yau, kuma hakan zai faranta masa rai. Na fassara, “Ya ce shi ya aike ku.”

“An gama, ranka ya daɗe!” in ji Alhaji. Ya juya kan 'yarsa, “Ke kuma me kike jira? Tura mana!” Dariya da kuka suka zo mata tare, ta tura nan take a tsakanin bandiran shadda.

Cikin Disamba kwamitinmu ya fitar da sunaye, babu Balkisa. Ranar na je shagon da kaina na gaya masa. Na zaci zai ce an yaudare shi. Sai ya gyaɗa kai ya ce, “Ai ya hango haka, shi ya sa ya tura mu gaba. Babban mutum ke nan.” Bayan 'yan makonni sunanta ya fito a wurin sanata, kuma da wannan tsayarwar makarantar ta ɗauke ta.

To abin da na ɗauka a nan shi ne, bayanin tsari ba ya isar mutanenmu. Wani ya fahimce ka sarai, kara ce ta ɗaure shi. In iyaye suka zauna a gabanku, kada ku tsaya kan tambayar ko yaro ya nema a ko'ina. Ku tambayi wa suke jin kunyar tsallakewa, tun akwai sauran lokaci.