Lambar da ta tsare ni a gida

Bitrus makanike na kwance a ƙarƙashin tsohuwar motata, a tsakar gidana a Jimeta, sai na ji ya fashe da dariya.

'Yata da ke Kaduna ce ta sa na yi mata alkawari: in allon mota ya nuna zafin waje ya haura arba'in, ba zan fita ba, saboda hawan jinina. Mako uku, kullum da safe in ɗumama inji minti goma kamar yadda aka koya mana, sai in ga arba'in da bakwai. In kashe, in koma ɗaki. Hamma Bobbo kuwa, abokina guda da ya rage, yana kwance ba lafiya a Yola Gari.

Bitrus ɗalibina ne tun aji uku, yanzu har da furfura. Rashin ganina a hanya ne ya kawo shi.

"Malam, wa ya gyara maka bamba, wannan ƙarfen gaban motar?"

"Wani mai walda."

"Allah Ya shirye shi! Ɗan abin da ke auna zafin, ya ɗaure shi jikin lagireto. Zafin inji yake faɗa maka, ba na gari ba."

Ya mayar da shi mazauninsa. Allon ya nuna talatin da huɗu.

Ko shayi ban tsaya sha ba, na nufi Yola Gari. Da Hamma Bobbo ya gan ni, ya riƙe hannuna gam, ya ce, "Na ɗauka ka riga ni, aka ɓoye mini."

Ku gaya mini, wane tsoho ne kuka kwana biyu ba ku gani a hanya ba?