Ba Sakaci Ka Yi Ba, Malam Zabeirou

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Alhamis, 16 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Zabeirou, mutumin Maraɗi, shugaban sashen tsaron kwamfuta a kamfanin ƙananan asibitocin da nake wa aiki a nan garin Greensboro na Amurka, bayan gajeruwar jinyar ciwon zuciya. Ya bar matarsa, Anti Chamsiya, da 'ya'ya biyu, Haris da Salima. Ni Kubura, mataimakiyarsa a ofis, na so in yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Wata magana da na ji a zaman makoki ce ta hana ni.

Malam, ranar sadakar uku wani bawan Allah, wanda na sani amma ba zan kama sunansa ba, ya ce wai aiki ne ya fi ƙarfinka. Wai ya taɓa kawo kaya ofishinmu, ya ga babban allon bango ya yi ja zur, aka gaya masa ɓaraka ce dubbai da ka bari ba ka toshe ba, har manya suna shirin sallamarka. Kafin la'asar maganar ta tsallaka ɓangaren mata. Anti Chamsiya ta ja ni kicin, ta riƙe hannuna, ta ce, "Kubura, ke kika san aikinsa. Gaskiya ne ya yi sakaci? Haris ya ji, tun ɗazu ya ƙi fitowa daga ɗaki." Kuka ya ci ƙarfina. Ga amsar nan yau, a inda kowa zai gani.

Allon ja ne, wannan kam ba ƙarya. Muna da manhaja mai zagaya kwamfutocin kamfani tana neman rauni, wato duk wata kafa da masu kutse za su iya bi su shigo. Kowane rauni ta ba shi maki, mai maki da yawa ta shafa masa ja. Ba ta gajiya, ba ta kuma da hankali. Ka toshe goma yau, gobe ta haifo maka ashirin. Duk wanda ya ce zai gama da su tas, ko dai bai san aikin ba, ko yana yaudarar wani.

Da na fara aiki a ƙarƙashinka, ina ɗauke da sabon digiri da rawar kai, na zauna na toshe masu sauƙi tuli guda don adadin ya ragu, na zo ina jiran yabo. Ka duba, ka ce, "Bon, to, 'yar Zazzau, kin share tsakar gida, kin bar ƙofa a buɗe. Wanga da kika gyara, in an shigo ta nan, wa za ya sha wuya?" Na ce ban sani ba. Ka ce to in je in gano, in dawo. Daga ranar na koyi tambayoyinka. Na'urar tana kallon intanet, ko tana kulle a ɗaki ba mai isa gare ta? Masu kutse suna bin wannan kafa a yanzu, ko a takarda kawai take da ban tsoro? In sun shiga, me za su tarar, jadawalin abincin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya? Ba ka yarda ka amsa su daga kan kujera ba. Sai ka tashi ka je ka ga na'urar da idonka, ka gaisa da mai amfani da ita, ka tambayi sunanta da abin da zai tsaya mata cik idan na'urar ta mutu.

Haka ka yi da asibitinmu na McLeansville bara. Akwai wata tsohuwar ƙofa ta intanet da likitoci ke bi daga gidajensu su duba fayilolin marasa lafiya. Manhaja ta ba rauninta maki tsaka-tsaki, ko ja ba ta shafa masa ba. Kai kuwa ka samu labarin cewa irin wannan ƙofa masu kutse ke ɓallewa a lokacin, kuma bayanta ne ake ajiye jadawalin masu wankin ƙoda. Ka tuƙa mota ka je, ka ga tsofaffin da ke zaune a layi, ka dawo ka rufe ƙofar yini guda har aka yi mata faci. Wani babban likita ya bugo daga gidansa a unguwar Irving Park yana ta zazzaga faɗa, ina jiyo muryarsa daga teburina. Ka saurare shi har ya gaji, ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ba ka buɗe ba. A wannan makon ne kuma ka bar jajaye masu yawa a kan wasu kwamfutocin gwaji da ba a haɗa su da komai ba, ka ce su jira.

Me ya biyo baya? Babu komai. Tsofaffin suka ci gaba da zuwa wankin ƙodarsu. Ba zan ce ga hujja cewa da an shigo ba, don ba ni da ita, kuma kai ba ka taɓa yarda a ƙara gishiri ba. Wannan shi ne baƙin cikin sana'armu: idan ka yi daidai, ba wanda ya ji labari. Abin da mai wucewa ke gani shi ne jan allo.

Halinka ne a ko'ina. Duk jama'armu sun san motarka. Gilashin baya ba ya sauka, rediyo sai an mare shi yake magana, amma birki da tayoyi sababbi ful. Na sha tsokanarka cewa motar ta girmi Haris, kana dariya kana cewa ita dai tana tsayawa inda aka ce ta tsaya. A cikinta ka ɗauko ni daga tashar bas ta cikin gari ranar da na iso, ban san kowa ba, ka kai ni wurin Anti Chamsiya, ta ciyar da ni dambu da kilishin Maraɗi har na manta da kewar gida. Bayan sallar Juma'a kuwa dattawa layi suke yi maka da wayoyinsu. Akwai ranar da wani dattijo, Alhaji Muntari, ya zo a firgice da wani saƙon da ake yaɗawa, wai akwai hoton da in ka buɗe waya za ta ƙone. Ka ce, "Alhaji, bar wanga. Lambar sirrinka ta banki, har yanzu shekarar haihuwarka ce?" Ya ce ita ce. Ba ka bar shi ya tashi ba sai da ya canza ta, kuma ba ka taɓa gaya wa kowa ba, shi da kansa ya ba da labarin a wurin jana'izarka yana share hawaye.

Maganar sallama kuma, bari in faɗi abin da na sani. An matsa maka, gaskiya ne. Masu binciken shekara suna tafe, kuma manya suna son su tarar da allo kore. Ka ce za ka nuna musu dalilin kowane ja da ka bari, amma ba za ka janye ma'aikata daga ƙofofin da ke da haɗari ka sa su sharar ƙura don ido ba. A kan wannan kuke har ciwo ya kwantar da kai.

Ba a yi mako da binne ka ba Mista Desmond, wanda ke sama da sashenmu, ya kira ni ofishinsa. Ya yi min ta'aziyya, kuma na yarda har zuciyarsa ya yi ta. Sannan ya ce in riƙe kujerarka, in mai da allo kore kafin masu bincike su zo, in kuma rubuta a rahoto cewa tsarin da aka bi a baya ne ya jawo tarin. Ya san takardar zamana a ƙasar nan a wuyan wannan aiki take rataye. Bai ambata ba, ba ya ma bukata. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, don in sun sallame ni sai in tattara in koma Zariya. Na roƙi ya ba ni lokaci in yi tunani.

Na gama tunanin. Jiya na koma na gaya masa zan riƙe aikin idan suna so, zan zauna da masu bincike in bi musu jajayen ɗaya bayan ɗaya, amma ba zan ɗora laifi a kan mutumin da ke kabari ba, kuma ba zan bar ƙofar marasa lafiya ina goge taga ba. Ya ce zai yi magana da na sama. Har yanzu ban ji daga gare su ba. Su yanke abin da za su yanke.

Kai kuma mai kawo kaya, ban riƙe ka a zuciya ba, ka ga abin da ba ka gane ba ne. Amma bakin da ya kai maganar gidan makoki shi ya kamata ya koma ya janye ta, a gaban mutanen da suka ji.

Allah Ya jiƙanka, Malam Zabeirou. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Mutanen da ka tsare ba su san sunanka ba, Allah Ya sani, Ya saka maka da abin da ya fi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Chamsiya, da 'yan uwa na Maraɗi, da dukkan jama'armu ta Nijar da Najeriya a garin nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya raya abin da ka bari, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Haris, Salima, ku fito cikin mutane da kanku a ɗage. Babanku bai yi sakaci ba. Na sa aikina da zamana a ƙasar nan a kan wannan magana, kuma ko gobe aka ce in tafi, ba zan janye ta ba.