Sahun Gwadabe Bai Cika Ba

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Sha'aban, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Gwadabe direba a wani asibiti a nan Jidda, bayan doguwar jinyar ƙoda. Ya bar matarsa Mastura da 'yarsa Rahma.

Gwadabe, maƙwabcina, abu ɗaya tak ka taɓa roƙon mutanenmu na unguwar Kurayyat. Kullum cikin raha kake faɗa, amma mun san har zuciyarka ne: "In na mutu, ku cika mini sahu. Ina son ya yi gyu-gyu." Duk wanda ya taɓa kwana a gidanka ya san ma'anar wannan kalma, don haka babu mai cewa bai gane ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin ya yi shekaru yana tuƙa wani injiniya ɗan Japan. A cunkoson hanya suka fara cinikin kalmomi don rage zaman shiru. Gwadabe ya ba shi maƙil da danƙam da tinjim, shi kuma ya biya da nasu. Da yamma sai ya dawo mana da abin da ya samo, yana rarrabe mana su kamar mai sayar da dabino. Gisshiri, in ji shi, na abin da aka jera tsaf ne ba a bar kafa ba. Gyu-gyu na mutane ne in sun matsu har haƙarƙari na taɓa haƙarƙari. Uja-uja na ƙwari ne in suna yuyuya a kan mushe. Gara-gara kuwa shi ne wurin da ya kamata a ga jama'a, amma aka tarar da shi wayam. Muna yi maka dariya, muna kiranka Sarkin Japan, kai kuwa ko a jikinka.

Ba mu ankara da amfanin kalmomin nan ba sai da muka ga abin da kake yi da su. Ɗakinka na waje shi ne masaukin duk wanda ya zo Umara ya ƙi komawa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya masa, ba dangi. In an ƙwanƙwasa aka ce, "Baba, akwai wuri?" ba ka taɓa cewa babu ba. Sai ka leƙa ciki ka ce, "Gisshiri muke, amma da sauran gyu-gyu. Yalla, shigo." A janye ƙafa, a karkata kafaɗa, baƙo ya samu makwanci. Mastura kuma ta ƙara ruwa a miya. Ni shaida ne, akwai shekarun da kai kanka a zaune kake barci, bayanka jingine da ƙofa.

Sau ɗaya na ga ranka ya ɓaci. Usuman, wanda ya sauka a wannan ɗakin da 'yar leda a hannu, Allah Ya buɗa masa har ya yi shago a kasuwar Balad. Ya zo gaisuwa cikin farar jallabiya, ya leƙa ɗakin, ya toshe hanci ya ce, "Baba, yaran nan ai sun yi uja-uja." Ka dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ka ce, "Usuman, wannan kalmar ba ta 'ya'yan mutane ba ce. Tabarmar da ka kwana a kai tana nan, ban yar ba." Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga gidanka.

To, Gwadabe, ga labarin jana'izarka, don ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba. Takardun sallamar gawa sun ja lokaci, sai ranar Alhamis da hantsi aka ba mu kai. An sanar a waya, an sanar a bakin masallaci, har unguwar Hindawiyya an aika. Sai raɗe-raɗi ya bazu cewa ana binciken iƙama a kan hanyar maƙabarta. Marasa takarda na yi musu uzuri, domin da kana raye kai za ka fara cewa su zauna a gida. Duk da haka wasu samari daga cikinsu sun biyo mu, kuma su suka kama makararka.

Amma masu iƙama fa? Masu shaguna da motoci, waɗanda a ɗakinka suka koyi Larabcin halas da yalla? Wannan ya ce kafilinsa ya hana, wancan ya ce rana ta yi zafi. Usuman ya turo saƙon murya mai daɗin addu'a. Kaico! Liman ya waiga bayansa, ya ce mu rarrabu ko ma yi sahu uku. Muka rarrabu, kowane sahu iska na ratsa shi. Wallahi ban taɓa jin kunya da takaici irin na ranar ba, kuma har yau raina bai huce ba.

Da na dawo, Rahma ta tare ni a ƙofar gidanka da Hausarta mai gauraye da Larabci, tana son jin ko mutane sun zo. "Ammi, kef jana'iza? Nas sun zo?" Kafin in buɗe baki, sai na ji muryar Mastura daga bayan labule, a hankali: "Malam Zaharadden, ya yi gyu-gyu?" Na san kalmar da ta dace, kai ka koya mini ita, amma bakina ya ƙi furta ta. Sai ita ta riga ni, ta ce, "Halas, shi ke nan, na gane."

Ya Allah, bawanKa Gwadabe ya matsu domin wasu su miƙe ƙafa. Ka yalwata masa kabarinsa iya ganinsa, Ka gafarta masa, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara. Mastura da Rahma, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku a ƙasar da ba ku da kowa. Sahun da muka bari da giɓi kuwa, ya Ubangiji, Ka cike masa shi da mala'ikunKa, tunda mu mun kasa.

Zaharadden Mahmudu, Kurayyat, Jidda