Ranar da Iya Talle ta ɗaga ƙafa

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Tasawa ya san Iya Talle mai tabarma, ya kuma san ba a cin abin hannunta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na mahaifiyata. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa in za mu gifta ƙofarta mu ce "kurwata kur" a ciki-ciki, mu ƙara sauri. Ni na faɗa ya fi a ƙirga, duk da ban taɓa ganin ta yi wa kowa komai ba, in ban da saƙa. Kullum tana zaune a inuwar bedin tsakar gidanta, itacen da wasu ke kira dogon yaro, kanta a sunkuye, yatsunta na tafiya cikin kaba.

A wani ƙauye kusa da Gidan Amumune aka haife ta. Uwarta ta rasu kafin a yi suna, shi ya sa ake ce mata Talle. Ita uwar an daɗe ana raɗe-raɗin mayya ce, kuma kowa ya san abin da ake faɗa, wai a nonon uwa ake shan maita. Kakarta ta rantse har ta koma ga Allah cewa jaririyar ba ta taɓa kama maman uwarta ba, da nonon akuya aka raine ta. Wata tsohuwa da ta karɓi haihuwar kuwa ta ce da idonta ta ga an ɗora ta a ƙirji, ta tsotsa kaɗan. A kan wannan ɗan tsotso, wanda babu mai tabbacin an yi shi, aka yi wa baiwar Allah nan hukuncin rayuwarta duka.

Al'adarmu ita ce, in yaro ya kwanta ciwo har ya kama sunan wata cikin sambatu, sai a ce ita ta kama masa kurwa. Sai a je a kawo ta, a shimfiɗe yaron a ƙasa, ta tsallake shi, wai ta sake shi ke nan. Matsalar ita ce wadda ta tsallaka ta amsa laifi da ƙafarta, ba ita kaɗai ba, har da duk wanda ya sha nononta. Tun Talle na budurwa aka fara jan ta zuwa irin wannan shimfiɗa. An yi mata lallashi, an yi mata zagi, wani ya taɓa fasa mata gira da muciya, tabon yana nan har yau. Ba ta taɓa ɗaga ƙafa ba. Wasu yaran sun tashi, ba wanda ya zo ya ba ta haƙuri. Wasu sun mutu, aka ƙara mata su a kai.

Mati, wani mai sayar da igiya, shi ya aure ta ya kawo ta Tasawa, ya toshe kunnensa har ya rasu. Da farko ƙosai ta gwada, ya bushe a faranti. Sai ta koma tabarma, tunda ita dai ba a ci. Mutane kuwa ba su da kunya, mayya ce in ana zancen tuwo, amma tabarmarta ce a kowane ɗaki, don babu mai saƙa kamarta. Ta kafa wa kanta doka mai tsauri: in yaro ya shigo gidanta ba ta ɗaga kai, ba ta tambayar sunansa, ba ta yaba shi, ko ruwa ba ta miƙa masa. Na sha ganin tana gaishe da uwa da fara'a, idonta na kan kaba, goyo na miƙo mata hannu tana yi kamar ba ta gani ba.

Ƴa ɗaya Allah ya bar mata, Rukaiya. Sai da Rukaiya ta gaji da ganin auren ƙawayenta kafin wani manomi daga Urafane, Abdussalamu, ya fito. Danginsa suka zo bincike, Inna mahaifiyata ta zaunar da su ta gaya musu gaskiya: surutu dai ana yi, amma matar nan ba ta taɓa tsallake ɗan kowa ba, su tambayi duk wanda suke so. A kan wannan shaidar aka ɗaura auren. Bara Rukaiya ta haifi ɗa namiji, tana shayarwa, uwar mijinta kuma tana zuba ido tana jiran ƙiris.

Ana nan sai ga hutun makaranta na bazara. Ni Hajjo ina koyarwa a Maraɗi, na shirya zuwa gida in ga Inna, sai Nabila matar ƙanena Hashim ta ce lallai da ita. A Yamai ta tashi, kuma tun da aka aure ta take jin labaran Tasawa a bakin mijinta, na iskokin tsamiya da ƴan bori da mayun tsohuwar unguwa. Ta ce so take ta zo ta ɗan ji tsoro na ƴan kwanaki ta huta da aikin ofis. Na ce mata tsoro ba tsire ba ne da za a zo ci a koma, ta yi dariya ta ɗauko ƴarta Marwa, mai shekara biyar.

Ban ga laifinta da farko ba. Mun zaga da ita bakin tabki, ta ga tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta in rana ta take, ta ga ƙoƙon nono da wani ya ajiye a gindin, ƙudaje sun rufe shi. Ta leƙa tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba, ta kira sunanta a ciki don ta ji amsa. Komai sai ta ɗauka a waya ta aika wa ƙawayenta. Da muka dawo gida, wata maƙwabciya mai bakin tsiya ta ce ai ba ta ga komai ba tunda ba ta ga mayya mai rai ba, ga ta nan bayan katanga. Inna ta harare ta, amma magana ta riga ta fita. Washegari Nabila ta ce tabarma take so ta saya, na bi ta don kada ta yi abin kunya.

Da hantsi muka shiga. Gidan tsit, ko kaza babu, sai ƙarar kaba. Iya Talle ta amsa gaisuwarmu, ta ji motsin yarinya, ta ƙara sunkuyar da kai yadda ta saba. To Marwa ƴar birni ce, ba wanda ya taɓa koya mata tsoron tsofaffi. Kafin mu ankara ta saki hannun uwarta, ta je ta haye cinyar tsohuwar, ta sa hannu biyu ta ɗago mata haɓa, ta ce sunanta Marwa, me ya sa ba ta kallon mutane. Na ga idon Iya Talle ya sauka a fuskar yaro a karon farko a sanina. Sai dariya ta kuɓuce mata.

"Marwa," ta ce. "Wagga ɗiya da kyau take."

Sai ta ji abin da ta faɗa. Ta kira suna, ta yaba, ba ta ko ce tubarkalla ba. Ta sauke yarinyar da sauri, ta ce mu ɗauki tabarmar da muke so mu tafi. Nabila ta fito tana ƙunshe dariya, tana cewa ashe mayyar ce ke tsoron su.

Washegari da rana Marwa ta ƙi abinci, jikinta ya ɗauki zafi. Muka kai ta likita, wato asibitin gari, aka ɗibi jini, majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, mai ƙarfi, aka sa mata ƙarin ruwa. Ɗaki ya cika da marasa lafiya, ga zafi, sai aka shimfiɗa mata a inuwar bedin tsakar likitar, aka rataye ledar ruwan a reshe. Majo ya ce magani na aiki, a ba shi lokaci. Amma yarinya sai ƙara nisa take, idonta a kafe, haƙoranta a datse. Kwana ya juya, ana cikin zafin azahar, ta buɗe baki da wata murya siririya wadda ban san ta da ita ba. Ta ce tsohuwa ta naɗe ta cikin tabarma, ba ta iya numfashi, a ce wa Talle ta kwance ta. Ni ban taɓa jin an faɗi sunan a gabanta ba, ko da yake yaro kunnensa ya fi na kowa. Matan da ke jinya a sauran shimfiɗu suka dubi juna.

Nabilar da ta zo neman tsoro ta same shi. Ta tashi ba takalmi, na bi ta ina kira, ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban Iya Talle. Ta zube ta kama ƙafafunta. Na ce mata ta bari, ta san abin da take roƙo kuwa, akwai Rukaiya, akwai jinjiri a Urafane. Ba ta ji ni ba, kuma ba zan ce uwa ta ji a irin wannan hali ba.

"Iya, ban ce ke ce ba," in ji Nabila. "Wallahi ban ce ba. Ki dai zo ki tsallake ta, ko ba komai."

"Ɗiyata, ba a tsallaka ta ko ba komai," in ji Iya Talle. "In na ɗaga ƙahwar ga, ba ni ɗaya ba ce na ɗaga."

An doke ta ta ƙi, an zage ta ta ƙi, amma ba a taɓa durƙusa mata ba, kuma ba a taɓa kiran ta kan yaron da ya hau cinyarta ba. Can ta tambaye ni ko gaskiya ne yarinyar ta kama sunanta. Na ce gaskiya ne. Ta ajiye kaba ta miƙe.

Tafiyar nan daga gidanta zuwa likita ba zan manta da ita ba. Rana ta take, hanya fayau, amma duk zauren da muka gifta sai labule ya motsa. Kafin mu kai, mutane sun yi layi a bayanmu, ana jin ƙarar takalmansu cikin rairayi. A tsakar likitar aka dare mata. Ta cire takalmanta ta jera su, ta tattare zanenta zuwa ƙwauri. Ta tsaya a kan Marwa tana kallon ta, wannan karon ba ta kau da ido ba. Sai ta ɗaga ƙafa ta tsallake ta, ta juyo ta sake tsallakawa. Iska ba ta motsa ba, amma ledar ruwan da ke reshe ta yi ta lilo. Wata mata a bayana ta ce, a hankali, da ma mun sani.

Kafin la'asar ta yi sanyi Marwa ta yi atishawa, gumi ya karyo mata, ta ce tana son ruwa. Majo ya duba ta ya ce daidai lokacin da ya kamata maganin ya kama ke nan, ya faɗa da Hausa ya maimaita da Faransanci. Babu wanda ya saurare shi. Ko Nabila, da ta rungume ƴarta tana kuka, ba ta iya juyowa ta dubi tsohuwar ba. Iya Talle ta sa takalmanta ta koma gida ita kaɗai.

Nabila da Marwa suka koma Yamai cikin motar safe, hutu ya ƙare. Ni na ƙara kwanaki saboda Inna ta kwanta da baƙin ciki, ita da ta ba da shaida. Labari kuwa ya riga ya hau kabu-kabu ya isa kasuwar Urafane. Ranar da zan tafi, da hantsi, na ji babur ya tsaya a ƙofar maƙwabta. Na leƙa na ga Rukaiya tana saukowa da ƙullin kaya a kai, bayanta babu goyo. Uwar mijin ta karɓe jinjirin, ta ce ya sha abin da ya sha, ba zai ƙara ba. Abdussalamu, in ji mai babur ɗin, ya shige gona tun asuba don kada a yi a gabansa.

Na shiga in yi musu sallama. Rukaiya na zaune a bakin ɗaki, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, ba ta kuka, ba ta kuma duban uwarta. Iya Talle na wurinta na kullum, kaba a cinya, amma ba ta saƙa. Na durƙusa na ce ta yi haƙuri, palu ne, majo ma ya faɗa, Allah ya san gaskiya. Raina a ɓace yake da garin nan kaf, har da ni da na fito cikinsa. Ta bari sai da na gama, sannan ta matso da kanta kusa da nawa don kada ƴarta ta ji.

"Hajjo, ke kin yi karatu," ta ce. "Tun ina ƙarama nike cewa ba ni ba ce, kuma na yarda da kaina. To ga shi na tsallaka, ta tashi. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, ko dai ni ce, ban sani ba?"

Na ce mata a'a, na rantse mata. Ta gyaɗa kai kamar mai jin maganar yaro. Da na miƙe zan tafi na miƙa mata hannu, sai ta ja nata baya ta ɓoye cikin zane, ta ce gara kada in taɓa ta, ina da ƴaƴa.