Ƙwan Zabin Yaya

Gyaran rediyo da waya nake yi a wata rumfa bayan kasuwar Malanville. Karatuna bai wuce firamare ba, amma bakina ya fi karatuna tsawo.

Wani ɗan Gaya mai sayar da tarkacen lantarki ya kawo mini wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannu ba. Allon gwaji ne, irin wanda masu ƙera na'ura ke ɗorawa a tebur su jarraba ƙwayar lantarki kafin su sa ta aiki. Ƙwayar da ke tsakiyarsa abu ɗaya ta iya: ka ba ta kuran, wato wutar lantarki, ta waya, ta auna ƙarfinsa, ta mai da shi lamba, lambar ta fito a ɗan gilashi. Awon nata irin na mai hatsi ne. Akwai wani kuran tsayayye a jikin allon, shi ne mudunta, da shi take kwatanta duk abin da ya shigo.

Yayana a Madekali yake, yana kiwon zabi. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, don haka tun zamanin babanmu kaji ake sa wa ƙwan. Ni na zuga shi ya bar wannan. Na haɗa masa akwatin ƙyanƙyasa da pano mai ɗaukar hasken rana da batir, na liƙa allon a gefe don ya riƙa nuna masa ƙarfin batirin. Na ce in ya ga lamba ta sauka, ya sauya da na ajiya. Ya ce shi dai kajinsa ba su taɓa neman caji ba. A gaban matarsa na ce masa mutumin jiya. Sai ya rabu da kajin kwancin, ya zuba ƙwan shekarar duka a akwatina.

Abin da ban gaya masa ba, wurin haɗawa ɗan abin da ke ba da tsayayyen kuran ya ƙone a hannuna. Sabo sai an aiko daga Kwatano, ni kuwa na riga na cika baki. Sai na ja waya daga batirin kansa na ba ƙwayar ya zama mudunta. Na gwada da rana tsaka, batir cike, lamba ta yi daidai, na hau moto na dawo gari. Ban tsaya na yi tunanin cewa in batirin ya ragu, mudun ma zai ragu tare da shi, lamba ba za ta motsa ba.

Damina ta yi nisa, hadari ya rufe rana kwana da kwanaki. Yaya yana duba gilashin safe da yamma, yana ganin cike. Batirin ajiya yana nan ƙarƙashin gado. Sai da gilashin ya mutu ɗungum ya sa hannu cikin akwatin, ya ji sanyi.

Ranar kasuwa ya zo rumfata da ƙwai ɗaya a aljihu. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya fasa shi a kan teburina tsakanin wayoyin mutane.

"Duba, ƙanena. Har ya yi gashi."

Na fara yi masa bayanin mudu. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi neman aron kaji, alhali zabin sun kusa daina ƙwai.

Har yau bai taɓa tayar da zancen ba. Amma in rediyonsa ya lalace, ta gaban rumfata yake wucewa da shi, ya ɗaga mini hannu, ya kai wa mai gyaran da ke gaba.